Gwangwanayen giya a kan kabarin Bon Scott

Sanin Perth:
Assalamu alaikum mutanen gida. Yau na zo da abin da ba mu saba taɓawa a zauren nan ba, a yi haƙuri da ni. Ranar Asabar ba ni da aiki, sai wani dattijon Bature da muke lodin kaya tare a sito ya ce in raka shi Fremantle, garin tashar jiragen ruwa da ke bakin Perth, a nan Ostireliya. Na ɗauka kifi za mu je ci. Ashe maƙabarta zai kai ni. Muka tsaya gaban wani ɗan allon ƙarfe, ba wani ƙaton gini ba, a jikinsa an rubuta sunan Bon Scott, mawaƙin ƙungiyar AC/DC da ya mutu a Landan ranar 19 ga Fabrairu 1980 yana da shekara 33. Tokarsa ce a wurin, don ƙona gawar aka yi.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne abin da na gani a zagaye da allon. Furanni kaɗan ne. Gwangwanayen giya da ƙananan kwalaben wiski su suka fi yawa, masoyansa ke zuwa su ajiye. Mutumin da giya ta kashe fa! Dattijon ya zaro leda daga aljihu ya kwashe su tas. Ban ce komai ba, na san a nan kowane gwangwani idan ka mayar ana ba ka santi 10, na ce ƙila na cefane yake nema.

Tun ranar nake sauraron waƙoƙinsa ina bin tarihinsa. Tambayata: ajiye masa giya ƙauna ce ko izgili? Kuma me ya bari da har mai jikoki zai tsaya gaban kabarinsa idonsa na kawo ruwa bayan shekara arba'in da ɗoriya?

Zee Kaduna:
Wa'alaikumus salam Yaya Sani. AC/DC dai na san su, ba su ne kiɗan da ke tashi a farkon fim ɗin Iron Man ba, wurin da ake tafiya cikin motocin soja? To shi ne mai muryar nan kamar an shaƙe zakara? 😂

Sanin Perth:
Kin ga inda gizo ke saƙar kenan, Zee. Waccan muryar ta Brian Johnson ce, wanda ya gaje shi. Waƙar da kika ji, Back in Black, ta makokin Bon ce. Muryar Bon ita ce a ƙarshen kashi na biyu na fim ɗin, a waƙar Highway to Hell. Mutane da yawa sun san waƙar zaman makokinsa, shi kuma ba su san shi ba.

Sunansa na yanka Ronald Belford Scott. An haife shi ranar 9 ga Yuli 1946 a Forfar ta ƙasar Sikotland, ya yi ƙuruciyarsa ta farko a wani ƙaramin gari, Kirriemuir, inda danginsa ke da gidan burodi. A 1952 iyayensa suka bi ayarin talakawan Birtaniya da Ostireliya ke kwasowa bayan yaƙin duniya na biyu, babba ya biya fam 10 kacal kuɗin jirgin ruwa. Melbourne suka fara sauka, a 1956 suka dawo Fremantle. Yana ɗan shekara 15 ya watsar da makaranta. Babu aikin ƙarfin da bai taɓa ba: gona, jirgin masunta, raba wasiƙun gidan waya, sayar da giya a mashaya, lodin manyan motoci irin wanda nake yi yanzu. A 1963 ya yi wata tara a gidan gyaran hali na yara da ake kira Riverbank, daga cikin laifukan akwai satar fetur, ba 'yan sanda sunan ƙarya, da gudu daga hannunsu. Ya nemi shiga soja, suka ce halinsa bai dace da zama cikin jama'a ba.

Malam Habibu:
Malam Sani, da girmamawa. Na karanta har ƙarshe kafin in yi magana. Ni ban ga abin da ya kai mu ba. Mutum ya yi waƙa ya sa mata suna Highway to Hell, wato babbar hanyar zuwa wuta, a bangon faifan an sa wa ɗayansu ƙahoni da wutsiya irin yadda Turawa ke zana Shaiɗan, ba a yi wata bakwai ba aka tsince shi a mota giya ta kashe shi. Wace wasiyya kuma ake nema bayan wannan? Ayyuka da ƙarshensu ake dubawa. Akwai yara a zauren nan. Ina tsoron a wayi gari mun mai da shi gwarzo.

Zee Kaduna:
Ni ma na taɓa gani a TikTok wai AC/DC ɗin ma taƙaita sunan Dujal ne da ɗan Shaiɗan.

Moussa Zinder:
Wannan kam ƙarya ce, ƙanwata. Tambayi kowane mai gyaran wuta. AC ita ce wutar da ke zuwa ta waya daga kamfani, DC kuma irin ta batir. 'Yar'uwar su Malcolm da Angus Young, waɗanda suka kafa ƙungiyar a Sydney a 1973, ita ta ga haruffan a jikin keken ɗinki. Ita ce kuma ta ba da shawarar Angus ya riƙa sa kayan 'yan makaranta, gajeren wando da hula, abin da yake sawa har yau da furfurarsa. Daga baya ne masu wa'azin Amurka suka laƙaba wa haruffan wata fassara, musamman a 1985 da aka kama wani mai kisan gilla a Kalifoniya aka ce yana son waƙoƙinsu.

Baba Lawal:
Salamu alaikum. Na daɗe ban yi rubutu a nan ba, idanu sun yi rauni, jikata ce ke ƙara min girman haruffa. Amma wannan zancen ya taɓo zamanina.

Gwamnati ta tura mu karatun injiniya Birtaniya a ƙarshen shekarun 1970. Yaron da ke ɗakin kusa da nawa ɗan mahaƙin kwal ne, dare da rana faifan mutanen nan ke juyawa, bango har rawa yake. Sau uku ina kai ƙararsa. Ran nan ya zaunar da ni ya ce, kai da kake jin Turanci, saurari abin da mutumin ke faɗa, ka bar ta ƙarar. Na saurara. Habibu, ba zan ɓoye maka ba, rabi batsa ne da shaye-shaye. Amma ɗaya rabin, wallahi kukan talaka ne. Kuɗin haya ya taru. Mota ta kamfani ce ba a gama biya ba. Mai gidan rawa ya cinye kuɗin wasa. An yi tafiyar kwana da kwanaki an kwana a masauki mai ƙazanta. Kundinsu na 1978, Powerage, kusan duk labarin mutumin da aljihunsa ya huje ne. Kuma yana faɗa ne yana yi wa kansa dariya, ba ya neman a tausaya masa. Shi ya sa 'ya'yan leburori suka riƙe shi. A lokacin manyan mawaƙan irin wannan kiɗa sun koma waƙar aljanu da sarakunan dauri da taurari, shi kuwa yana maganar bashin mai shago.

Ita waƙar da ta dame ka, su da bakinsu sun ce rayuwar yawon wasa suke nufi, shekara da shekaru cikin mota daga gari zuwa gari a Amurka. Ƙahonin kuwa dabarar talla ce, kuma ta banza ce, ban kare ta ba.

Safiyar da labarin mutuwarsa ya fito, ɗakin yaron nan shiru. Shi ne karo na farko da na yi barcin rana a gidan.

Malam Habibu:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ban musa maka ba. Amma ko da rabin kukan talaka ne, ɗaya rabin fa? Guba a cikin zuma ai ta fi guba tsura haɗari.

Baba Lawal:
Haka ne ɗana. Sai dai in tambaye ka, Shata bai yi waƙar shan giya ba? Duk wanda ya kai shekaruna ya san ta, har a rediyo mun ji ta. Kassu Zurmi su wa ya yi wa kiɗa in ba 'yan tauri da ɓarayi ba? Yau a jami'o'inmu ana rubuta digiri a kansu, kuma ban ji wanda ya ce yin nazarinsu kira ne zuwa mashaya ba. Ana iya duba mutum a ce ga inda ya yi fice, ga ramin da ya faɗa. Bambancin kawai, Shata Allah ya ba shi tsawon rai har 1999, wannan kuwa a 33 aka yanke.

Moussa Zinder:
Bari in shigo ta ɓangaren kiɗa, tunda jita ce sana'ata a wuraren biki. Mutane na jin ƙara sai su ɗauka hauka ne kawai. Kiɗan AC/DC lissafi ne. Malcolm, mai jitar da ke riƙe da gindin kiɗa, yakan buga sau uku ya yi shiru, ya bar rami. A cikin ramin nan Bon ke jefa magana. Duk wanda ya san yadda kalangu ke ba mawaƙi hanya zai gane abin da nake nufi. Kuma Bon asalinsa makaɗin ganga ne, tun yana yaro yake buga ganga a ƙungiyar masu algaitar Sikotland ta Fremantle tare da mahaifinsa. Shi ya sa kalmominsa ke faɗowa daidai kan bugu, kamar da sanda yake furta su.

Ga wani abin dariya. Wan su Malcolm, George Young, shi da abokinsa Harry Vanda ke shirya musu faifai. Da George ya ji an ce Bon ya yi zama a ƙungiyar masu algaita, sai ya ce to a sa algaitar a waƙa. Ita algaitar tasu mai salka ce, ana hura iska a jakar a matse ta a hammata. Bon bai ce masa ni ganga na buga ba. Ya nemo ta ya dinga fama har ya fitar da abin da aka ɗauka a It's a Long Way to the Top, 1975. A Fabrairun 1976 aka ɗora su a bayan buɗaɗɗiyar mota aka bi titin Swanston na Melbourne ana ɗaukar su, shi da salkarsa a hammata yana washe baki. Ku nemi hoton bidiyon nan. In kun gan shi za ku gane dalilin hawayen dattijon Sani.

Sanin Perth:
Na gani, Moussa, ya fi sau goma. Abin da ya ba ni mamaki shi ne lokacin ba yaro ba ne. Ya shiga AC/DC a Oktoban 1974 yana da shekara 28, Angus na da 19. Kafin nan ya yi shekara goma yana bugawa ba ta kama ba. Ya yi ƙungiyar The Spektors a Perth. Ya yi The Valentines, masu waƙoƙin 'yan mata da riguna masu ado, in ka ga hotonsa na lokacin ba za ka ce shi ba ne. Ya yi Fraternity a Adelaide, suka tafi Ingila neman sa'a suka dawo hannu rabbana. Ya koma leburanci a masana'antar takin zamani. A 1974 ya yi faɗa da abokan kiɗansa cikin maye, ya hau babur ɗinsa Suzuki ya yi karo da mota, kwana uku yana doguwar suma. Yana jinyar wannan ne tsohon abokinsa Vince Lovegrove ya haɗa shi da yaran gidan Young, waɗanda su ma 'yan ƙaura ne daga Glasgow.

Daga nan zuwa mutuwarsa shekara biyar ce da 'yan watanni. A ciki suka fitar da kundayen High Voltage, T.N.T., Dirty Deeds Done Dirt Cheap, Let There Be Rock, Powerage, sai Highway to Hell a Yulin 1979, wanda shi ne ya fara buɗe musu kasuwar Amurka sosai, ya kai na 17 a jerin Billboard na faifan da suka fi ciniki a can. Wato ya yi shekara goma sha biyar yana tura ƙofa, tana buɗewa ya faɗi a bakinta.

Anti Binta Nas:
Ina ta karantawa a hutun aikin dare. Ni ba ruwana da kiɗan, kaina ciwo yake in na ji. Amma ina aiki a sashen gaggawa a nan Ingila, kuma daren Juma'a da Asabar irin su Bon Scott muke karɓa. Don haka ku bar ni in faɗi yadda ya mutu, saboda kowa na cewa giya ta kashe shi a wuce wurin, alhali akwai abin lura.

Daren 18 ga Fabrairu ya je wani gidan rawa a unguwar Camden ta Landan mai suna Music Machine ya sha ya yi tatul. Wani abokinsa ya ɗauko shi a ƙaramar mota Renault 5. Ya yi nauyi, ya kasa tayar da shi, ya kasa ɗaukarsa. Sai ya kwantar da kujerar motar, ya lulluɓe shi da bargo, ya bar shi a ƙofar gidansa a East Dulwich ya shiga ya kwanta. A watan Fabrairu, a Landan. Sai da yammacin ranar 19 ya leƙo, ya tarar ba ya motsi. Ko da aka kai shi asibitin King's College rai ya yi halinsa. Mai binciken musabbabin mutuwa ya rubuta cewa gubar barasa ce, kuma tsautsayi ne.

Abin da mutane ba su sani ba: wanda ya sha da yawa ya sheme, ba barci yake ba. Giyar da ke cikinsa tana ci gaba da shiga jini bayan ya rufe ido, don haka yana iya fin yadda ka bar shi muni bayan awa ɗaya. Tana danne wurin da ke sarrafa numfashi a ƙwaƙwalwa. Tana kashe tarin nan da ke zuwa da kansa in abu ya bi ta maƙogwaro, sai amai ya gangara huhu mutum bai ko motsa ba. Tana buɗe jijiyoyin fata, zafin jiki ya tsere, ga sanyi. Hanta kuma ba a sa ta sauri, ruwan sanyi ko kofi ba sa ƙara mata gudu. Abin yi shi ne a kwantar da shi ta gefe, ba rigingine ba, a ɗaga haɓarsa, kada a bar shi shi kaɗai, in ba ya amsa kira ko numfashinsa ya yi ƙasa a nemi asibiti nan take. Watanni bakwai bayan Bon, a Satumbar 1980, makaɗin gangar ƙungiyar Led Zeppelin John Bonham haka ya tafi, an kai shi gado a buge, amai ya shaƙe shi, yana da shekara 32.

Malam Habibu, in akwai yara a zauren nan, wannan nake so su karanta. Mai maganin tari da mai ƙwaya ma haka suke shemewa, abokai su ja ƙofa su ce bari ya huce, don tsoron kada iyaye su ji.

Malam Habibu:
Anti, wannan kam na karɓa hannu biyu. Allah ya saka da alheri. Ceton rai ba a tambayar me mutum ya sha.

Kabiru Kwari:
Ku dai kuna ta zancen tausayi, ni ɗan kasuwa ne, lissafi nake. Mutum ya mutu 19 ga Fabrairu. Farkon Afrilu sun naɗa sabo. Afrilu da Mayu suna tsibirin Bahamas suna ɗaukar sabon faifai, Back in Black. 25 ga Yuli yana kasuwa, bango baƙi wuluk, an buɗe da ƙarar ƙararrawar makoki. Wata biyar! Aka sayar da wajen kwafi miliyan 50, yana cikin faifan da suka fi kowanne ciniki a tarihin duniya. Ku kira shi ta'aziyya in kuna so. Ni na ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da Bon bai mutu ba, da baƙin bangon nan bai yi kasuwa haka ba.

Zee Kaduna:
Kai Yaya Kabiru, ko takaba ai wata huɗu da kwana goma ce, sun ma ƙara 😅

Baba Lawal:
Kabiru, kai komai sai ka auna shi da yadi. Sun yi tunanin watsewa. A wurin jana'izar mahaifin Bon da kansa ya ce wa Malcolm kada su tsaya. Yara ne 'yan ashirin da wani abu, ba su iya wata sana'a ba, me kake so su yi, su koma masana'anta? Shi wanda suka ɗauko ma, Brian Johnson, lokacin yana can yankin Newcastle yana sana'ar sa wa motoci rufin leda, tauraronsa ya daɗe da dushewa. Dalilin da ya sa suka tuna da shi, Bon ne ya taɓa ganin wasansa da ƙungiyarsa Geordie ya zo yana yaba shi. Kusan a ce shi ya nuna magajinsa. Kuma Brian ba ya rera waƙar algaitar nan a dandali, ya bar wa mai ita.

Kamfanin faifan ma ba su so baƙin bangon ba, yaran ne suka dage. In kasuwa suke nema da sun bi shawarar 'yan kasuwa.

Kabiru Kwari:
To Baba, waƙoƙin fa? Mutumin nan kullum da littafin rubutunsa yake yawo, yana shirin sabon faifai. Ya mutu, sai ga sabon mawaƙi ya zo cikin 'yan makonni ya zubo baituka masu irin salon barkwancin mamacin. A bangon faifan an rubuta Young, Young da Johnson, babu Scott. Wani marubuci ɗan Ostireliya, Jesse Fink, ya fitar da littafi a 2017 yana cewa akwai hannun Bon a ciki. Ya ma ce ba giya kaɗai ba ce, akwai hodar heroin a mutuwar.

Moussa Zinder:
Ya faɗa, amma ba a taɓa fito da takarda da rubutun hannun Bon an ce ga baitin ba. Brian ya ƙaryata a littafin tarihinsa, Angus ya ƙaryata ba sau ɗaya ba. Abin da Angus ya yarda da shi shi ne, 'yan kwanaki kafin rasuwar Bon ya leƙo inda suke gwaji a Landan, ya zauna ya buga musu ganga a waƙoƙi biyu da ba a sa musu baiti ba tukuna. Ganga, ba murya ba. Ni a kunnena ma salon ya bambanta. Bon yakan ba da labari ne mai farko da ƙarshe, da mutane a ciki, kamar na fursunan da ya tsallake katanga aka harbe shi a baya. Na bayansa jifa ne da kalmomi masu daɗin amshi. Kuma kada a manta da Mutt Lange, wanda ya shirya Highway to Hell shi ya shirya Back in Black. Kamannin da kake ji, da yawa nasa ne.

Anti Binta Nas:
Batun hodar kuma, takardar hukuma ba ta ce haka ba. Ko ma mene ne a jininsa, awa goma sha da yawa ya yi a mota ba wanda ya duba shi.

Kabiru Kwari:
Na ji. Amma har yanzu ban sauka daga kan maganata ta wata biyar ba. Kuma ɗaya daga cikin waƙoƙin da ya buga wa gangar, da aka gama ta, gayyatar shan giya ce, a faifan makokin wanda giya ta kashe. Wannan fa, Baba?

Baba Lawal:
Wannan ba ni da amsarta. Ni ma ta tsaya min.

Sanin Perth:
Yaya Kabiru ka dawo da mu kan gwangwanayen nan ba ka sani ba. Abin da na lura da shi kwanakin nan: Bon biyu ne. Akwai na dandali, ba riga, jiki duk zane, haƙori a fashe, kwalba a hannu. Wannan shi jama'a suka saya. Akwai kuma wanda duk garin da ya sauka sai ya aika wa mahaifiyarsa da tsohuwar matarsa da abokai wasiƙa ko kati, har an yi baje kolin wasiƙun nan a Ostireliya. Wannan na biyun shi ya rubuta Ride On a 1976, waƙa mai sanyi wadda ba ta yi kama da sauran ba, ta mutumin da ya farka a ɗakin haya shi kaɗai da kwalba ba komai, yana cewa zai gyara halinsa wata rana, kuma ya san ƙarya yake. Shekara huɗu kafin mutuwarsa ya rubuta ta.

Abin haushin, Angus da ke birgima a ƙasa kamar mai iskokai, wanda kowa ke zaton shi ne ɗan maye, ba ya shan giya sam, shayi ne nasa da sigari. Malcolm kuwa da ya ga giya na neman kai shi inda ta kai Bon, a 1988 ya ajiye jita ya bar yawon wasan Amurka ya je ya nemi magani, ɗan ɗan'uwansu Stevie ya riƙe masa wuri. Ya rayu har 2017. Na cikin gida sun ɗauki darasi. 'Yan kallo ne suka ƙi sakin Bon na farko, don shi ne mai daɗin labari.

Malam Habibu:
To ai ka zo inda nake tun farko, Malam Sani, ta wata hanya. Ni ban ce ga makomarsa ba, wannan ba hurumina ba ne. Tsorona shi ne mai kallo. Mawaƙi na nishi, 'yan kallo na tafi. In ya faɗi su gina masa gunki.

Zee Kaduna:
Gunki kuma? Da gaske?

Sanin Perth:
Mutum-mutumi har biyu, na tagulla. Ɗaya a bakin tashar jiragen masunta ta Fremantle tun 2008, yana tsaye a kan akwatin lasifika da makirufo a hannu, mun wuce ta gabansa. Ɗaya a Kirriemuir, an buɗe shi a 2016 da kuɗin da masoya suka tara, shi kuma da algaitarsa. Garin kan cika duk shekara da bikin da suke kira Bonfest. Kabarin ma an sa shi cikin wuraren tarihi da ake karewa. A Melbourne akwai lungu mai sunan ƙungiyar. A 2003 aka shigar da su zauren girmama mawaƙan rock na Amurka, 'ya'yan ɗan'uwansa suka karɓa a madadinsa. A nan Perth, ranar 1 ga Maris 2020, rufe babban titin Canning aka yi na wajen kilomita 10, titin da yakan bi daga Fremantle zuwa mashayar da ya saba zuwa, aka jera manyan motoci da makaɗa a kai suna rera waƙoƙinsa, mutane sama da dubu ɗari suka fito. Yaron da sojan ƙasar suka ce bai dace da zama cikin jama'a ba.

Kabiru Kwari:
Kuma duk wanda ya je sai ya sayi riga. Na faɗa muku.

Anti Binta Nas:
Sani, ka tambayi dattijon naka kuwa? Ni ledar nan ce ta tsaya min, ban yarda santi 10 ba ne.

Sanin Perth:
Anti kin fi ni gani. Yau a hutun cin abinci na tambaye shi. Ya ce ya ga Bon da idonsa a dandali yana saurayi, kuma shekaru da yawa shi ma gwangwani yake kaiwa, ya sha rabi ya zuba rabi a ƙasa. Ƙaninsa suke zuwa tare. Ƙanin ya rasu, hanta. Tun daga nan yake zuwa da leda. Ya ce ba ya hana kowa ajiyewa, ba ya faɗa da kowa, in ya zo dai ya kwashe, in ya dawo ya tarar da wasu. Kuɗin gwangwanayen kuma yana karɓa, ya ce ba zai yi min ƙarya ba, da su yake sayen furen.

Zee Kaduna:
Allah sarki. Moussa don Allah turo min bidiyon algaitar nan, na nema na ga guda da yawa ban san wanne ba.

Moussa Zinder:
Wanda suke kan buɗaɗɗiyar mota, da masu algaita uku sanye da siket. Ki rage ƙara kafin ki kunna, kada Hajiya ta ƙwace wayar.